Gas ɗin da ke ɓata tsakanin mita biyu: kundin aikina a Kakuri

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Abin da ya faru da safe a ofishin manaja shi ya sa na buɗe wannan kundi. Wata biyu ke nan da kamfanin gyaran shinkafar da nake wa aiki a Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, ya raba tukunyar tururinsa da dizal, tun da lita ta haura naira dubu ta ƙi saukowa, ya koma iskar gas. Sai na fayyace, don kalmar gas a bakinmu kaya uku ta ɗauko. Direban babbar mota in ya ce gas, dizal yake nufi. Uwargida in ta ce gas, na girki take nufi. Namu shi ne na ukun, CNG, wanda ake matsewa cikin dogayen tukwane a ɗoro wa tirela ta hanyar Abuja.

Ga yadda tsarin yake. Tirela na zuwa da matsin da ya kai bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi). A bakin get akwai injin da ke rage shi zuwa bar 4, kuma a nan mitar masu sayar mana take. Daga nan bututun ƙarfe mai inci 3 ya ɗauka, tsawon mita 180, 40 daga ciki an binne su ƙarƙashin hanyar da motocin shanshera ke bi. A ɗakin tukunya akwai tamu mitar.

Tasu na cewa muna shan kubik 2,400 a yini (kubik mita, ma'aunin yawan gas). Tamu na cewa 2,255. Kubik 145 ke nan kullum, kusan kashi 6 cikin ɗari, ba a san inda ya shiga ba.

Manaja ya tura min takardar ya ce, "Injiniya, ko dai mutanen nan na cutarmu, ko wani a cikin gidan nan na sata."

Na ce, "Yallaɓai, akwai na uku. In bututun ne ke yoyo fa?"

Ya yi shiru. Na roƙi a bar ni in fara da wannan kafin a aika wa kowa wasiƙa, don in mita ce ke ƙarya kuɗi ne ke tafiya, in kuwa yoyo ne, akwai mutum sittin da ke aiki a kewayen bututun.

Laraba, 15 ga Janairu

Na sa ɗalibin Kadpoly, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ke koyon aiki a hannuna ya riƙa karanta mitocin biyu ƙarfe shida na safe, shi a get ni a ɗakin tukunya, muna kan waya. Ashe a da maigadi ke karanta ɗaya da asuba, mai kula da tukunya ya karanta ɗayar in ya gama karin kumallo. Mun gyara wannan, bambancin bai motsa ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ba aiki yau, sai na yi gwajin riƙe matsi. Na rufe bawul na bayan injin get, na rufe na bakin tukunya, na kulle gas a tsakani. Ƙarfe uku na rana agogon matsi na kan bar 4.0. Ƙarfe bakwai na yamma ya sauko 3.6.

Mun bi duk mahaɗar da hannu zai kai da ruwan omo da buroshi, ba kumfa ko ɗaya. Zuciyata ta tafi kan ɓangaren da ke binne, inda motoci masu buhu ɗari shida ke takawa kullum. Na kira manaja na ce gobe kada a kunna wuta, tono za a yi.

Talata, 21 ga Janairu

Kwana biyu ana tono. Lebura shida, naira 60,000, ban da abinci. Na hana diga da zarar an kusa bututu, sai shebur da hannu. An buɗe mita 40 ɗin kaf. Ba yoyo. Abin da kawai muka samu, rigar da ke kare ƙarfen daga tsatsa ta goge a wuri biyu, kamar faɗin tafin hannu, da alama tun ranar binnewa dutse ya karce ta. Mun naɗe wuraren, na ɗauki hoto, aka mayar da ƙasa.

Kwana biyu ba tururi, ba turara shinkafa. Manaja bai ce min komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Laifina ne, kuma zan rubuta shi dalla-dalla don kada in sake. Ina kwance jiya da dare abin ya faɗo min: na fara gwaji ƙarfe uku, lokacin da rana ta gasa bututun da ke fili har ba ya taɓuwa, na kuma gama bayan magariba da sanyin hunturu ya sauko. Gas da aka kulle a ƙarfe, in ya huce matsinsa na raguwa ko da ba ƙofar allura a jikin bututun. Na yi lissafi a bayan takardar biredi. Daga digiri 38 zuwa 22, a tsawon da ke fili, zai ci kusan bar 0.2 shi kaɗai. Wato rabin abin da na gani sanyi ne kawai. Wannan karatun ajin farko ne. Son in gama da wuri in koma gida ranar Lahadi shi ya sa na zaɓi lokacin da bai dace ba, ban ma rataya ma'aunin zafi ba.

Amma saura rabin fa? Ruwa ba ya tsami banza. Yau zan kwana a kamfani.

Juma'a, 24 ga Janairu

Daga ƙarfe uku na dare zuwa shida na asuba, zafin jikin bututu bai sauya da fiye da digiri ɗaya ba. Matsi ya sauka da bar 0.15. Yoyo na nan, ƙarami ne. Cikin bututun gaba ɗaya bai cika kubik ɗaya ba, 0.86 ne a lissafina, don haka abin da ke fita kusan kubik ɗaya ne a yini.

Baba maigadi ne ya kawo min shayi, ya ga ina ta zagaye. Ya ce, "Ɗana, in ka shiga ɗakin tukunyar nan da asuba kafin a buɗe ƙofofi, akwai wani ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na faɗa wa yaran nan suka ce kwata ce."

Na ce, "Baba, daga ina yake fi ƙarfi?"

Ya nuna sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka kawo tsani. A can kusa da rufi, inda bututu ya shigo ta bango, akwai wata 'yar mahaɗa mai zare da aka toshe da noti, wurin da aka yi niyyar sa agogon matsi aka fasa. Ranar Lahadi ba mu hau nan ba. Ina shafa ruwan omo ta tayar da kumfa kamar ana wanki.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba yoyon ba ne, na'urar da ya kamata ta yi kuka ce. Tana nan, koren fitilarta na ci, amma an kafa ta a ƙasa daidai gwiwa. Wanda ya kafa ta ya saba da gas na girki, wanda ya fi iska nauyi yake kwanciya a ƙasa. Namu yawancinsa methane ne, ya fi iska sauƙi, sama yake yi ya taru a ƙarƙashin kwano. Yana kama wuta in ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. Kubik ɗaya da nake rainawa ya isa ya mayar da kubik 20 na iskar ɗaki abin da ƙyastawa ɗaya za ta tayar. Ƙofofin da ake barin su a buɗe da rana da ramukan shan iska na saman bango su suka yi ta ceton mu wata biyu, Allah ya tsare. Shi gas ɗin kansa ba shi da wari, sinadari ake zuba masa don hanci ya ji, kuma hancin Baba ya fi na'urar naira dubu ɗari huɗu aiki a wannan karon.

Litinin, 27 ga Janairu

An gyara jiya. Mun sauke matsin ta bututun fitarwa na waje, muka kore ragowar da naitirojin kafin a sa sipana. Mai walda ya so ya like wurin da wuta kawai a huta, na ce a'a, sabon toshi da abin like zare na gas sun isa. An mayar da na'urar gano gas sama, ɗan ƙasa da rufi. Gwajin asuba na yau: awa uku, allura ba ta motsa ba.

Kuɗi: naitirojin tukunya biyu 90,000, toshi da abin like 14,500, waya da ladan mai lantarki 38,000. Na kuma ba da odar gas ɗin gwaji daga Legas, 185,000, mai methane kashi 2.5, wanda ya kamata na'ura ta karanta shi a matsayin rabin matakin kama wuta. Tun da aka kafa ta ba wanda ya taɓa shaƙa mata komai a ga ko tana ji.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Tasu 2,410, tamu 2,266. Manaja ya ce, "To Injiniya, an toshe yoyo, ina gas ɗina?" Na ce yoyon kubik ɗaya ya ci, sauran 144 yanzu za a shiga neman su da kwanciyar hankali.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wata matsalar daban ta kutso. Ƙarfe biyar da rabi na asuba wutar tukunya ta mutu. Na iso na tarar da regileta ta farko mai rage matsi a injin get ta yi fari fat da ƙanƙara, a Kaduna. Leburori sun taru suna ɗaukar hoto.

Gas in aka sake shi daga babban matsi zuwa ƙarami sanyi yake yi, abin da muke riƙewa a ka shi ne kusan rabin digiri a kowane bar. Daga 200 zuwa 4 kuwa ba wasa ba ne, shi ya sa injin ke da bahon ruwan zafi da gas ke ratsawa kafin a rage shi. An ɗauke wuta cikin dare, janareta ya tashi, amma abin dumama ruwan ba ya kan layin janareta. Sabuwar tirela cike, ga sanyin asuba, sai regileta ta daskare. Wani ya kawo shawarar a hura gawayi a kusa don ta narke. Ban san sanda na daka masa tsawa ba, daga baya na ba shi haƙuri. Ruwan ɗumi muka yi ta kwarara mata, awa biyu.

An mayar da abin dumamar kan layin janareta, 52,000.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau na samu wani abu, kuma na ji daɗinsa don ba kowa zai lura ba.

Mita ba ta san kubik na ciniki ba. Ita abin da ya ratsa ta kawai take ƙirgawa, a matsin da ya zo da zafin da ya zo. Wata 'yar kwamfuta da ke manne da ita ce ke mayar da wannan zuwa ma'aunin da aka amince a kwantiragi, wato bar 1.013 da digiri 15. Kamar mudun hatsi ne: in ba a yarda ba ko a danna ko kada a danna, a yi tozo ko a share baki, to mudu ɗaya zai ba da awo uku. Kuskuren digiri 3 a zafi kaɗai na sauya lissafi da kusan kashi ɗaya.

Na roƙi ma'aikacin masu gas da ya zo sauya tirela ya buɗe min shafin saitin tasu, in gani da ido ban taɓa ba. Na'urar jin matsin tasu irin wadda ke auna abin da ya ɗara na iskar waje ce, don haka dole a rubuta mata nauyin iskar garin da hannu ta haɗa. An bar shi a 1.013, yadda ya zo daga masana'anta. Wannan na bakin teku ne, ya dace da Legas ko Fatakwal. Kaduna na bisa tudun da ya kai kimanin mita 600 daga teku, iskarmu kusan bar 0.942 ce. Sai kwamfutar ke lissafi da 5.013 a inda ya kamata ta yi da 4.942. Kashi 1.4 ke nan, kusan kubik 34 kullum da muke biya ba mu sha ba. Tamu ba ta da wannan ciwon, tata na'urar na auna matsin gaba ɗaya da kanta.

Ban ɗauke shi cuta ba. Wanda ya kafa injin ya kafa goma irinsa a kudu, bai taɓa buƙatar taɓa wannan lambar ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Gas ɗin gwaji ya iso. Na'ura ta karanta 31 maimakon 50. Ƙurar hunturu da ta ɓuntun shinkafa sun toshe 'yar ragar bakinta. An wanke, an saita, ta ba da 50, ƙararrawa ta yi kuka har masu ɗinkin buhu suka watse. Za a riƙa yi duk farkon wata.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Saura kubik 110 da ba su da uba. Na dawo gida, wato kan tamu mitar, inda ya kamata a ce na duba tun kafin in leƙa ta mutane.

A gefen mitarmu akwai hanyar kewaye mai bawul ɗaya, don in za a cire mita a gyara kada aiki ya tsaya. Hannun bawul ɗin na nuna a rufe yake, kuma kowa ya yarda da hannun, har da ni. Yau na rufe gaban mita da bayanta, na sauke matsin ɓangaren tukunya zuwa sifiri, na tsaya ina kallon agogo. Cikin minti biyu allura ta fara hawa. Gas ba shi da wata hanya sai ta kewayen. Gwaje-gwajen watan jiya ba za su nuna wannan ba, don a lokacin gaba da bayan bawul ɗin duk matsi ɗaya ne.

Da muka kwance shi, mazaunin ƙwallon ya sha karce, ga ɓarɓashin walda a ciki. Ba a busa bututun da kyau ba kafin a fara aiki da shi. Wato gas na zagaye mitarmu yana shiga tukunya, muna ƙona shi, muna dafa shinkafa da shi, sannan mu ce an sace. Na sa farantin toshi a wurin kafin sabon bawul ya zo.

Talata, 25 ga Fabrairu

Tasu 2,395, tamu 2,336. Bambanci ya faɗo 59. Kewayen kaɗai kubik 85 yake haɗiyewa.

Na kai wa manaja. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya jawo durowa ya fito da wasiƙar da ya rubuta tun Janairu, wadda ya zargi masu gas da ha'inci har ya ce zai kai ƙara hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da irin wannan harka. Ya ce, "Da na aika wannan fa?" Na ce da sun zo da nasu injiniyan ya kama kewayen a gabanmu, da kuma maganar kubik 34 ɗin ta bi ruwa, don ba mai sauraron wanda aka kama da kuskure a gidansa.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Zama da wakilan masu gas bayan masallaci. Na fara da namu laifin, na nuna hoton bawul. Sannan na ajiye ma'aunin nauyin iska a kan tebur, yana nuna 0.942. Injiniyansu dattijo ne mai sauƙin kai, ya duba ya yi dariya ya ce gani ya kori ji. An sauya lambar a gabanmu, aka ɗaure akwatin da waya da hatimi, kowa ya sa hannu. Maganar mayar da abin da ya wuce, kusan kubik 3,000 a lissafinmu, sun ce sai sun koma ofis. Wannan tsakanin manya ne.

A hira ya ce duk wannan jigilar tirela ta ɗan lokaci ce in bututun AKK ya iso, wanda zai taso daga Ajaokuta ya ratsa Abuja da Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, faɗin inci 40, da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Ina fata. Kullum ina wuce gine-ginen masaƙun Kakuri a kulle, har da masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe tun 1957, kuma tsadar makamashi na cikin abin da ya kwantar da su. Sai dai na yi tunani a raina: mu da mita 180 na inci 3 muka sha wannan wuya.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi na takwas. Sabon bawul ya zo, 310,000, da gasket huɗu, wato faifan hana yoyo a mahaɗa, 34,000. Mun yi aikin bayan sahur kafin rana ta ɗaga. Na sa an bar farantin toshin a bayansa duk da haka, an kuma ɗaure hannun da hatimi. Maƙeran Panteka sun yi mana 'yar rumfar kwano a kan mitar get, 45,000, don zafin Maris ya fara dukan akwatin kwamfutar.

Litinin, 17 ga Maris

Matsakaicin kwana goma: bambancin kubik 24, kashi ɗaya. Mita biyu masu lafiya ma ba sa faɗin magana ɗaya daidai, kuma wannan na cikin abin da kwantiragi ya yarda. Na ja layi a littafin karatu: in ya kai kashi 2 kwana uku a jere, a kira ni ko da dare ne.

Talata, 25 ga Maris

Na koma kan karcen da muka gani a ƙarƙashin hanya, don damina na tafe kuma ƙasa mai laima ita ke cin ƙarfe. An binne dunƙulen magnesium tare da bututun, aikinsa ya ci tsatsa a madadin ƙarfen. Na aro ma'auni mai ruwan jan ƙarfe, na jiƙa ƙasar da bokiti biyu don ta bushe ƙamas, na auna ƙarfin wutar da ke tsakanin bututu da ƙasa. Ana so a ga aƙalla milivolt 850 a ɓangaren ragi. Na samu 620.

Na bi layin har inda bututu ya fito daga ƙasa. Mahaɗar da ke raba wutar ɓangaren binne da na fili tana da ƙusa takwas, kowace da rigar roba. Ɗaya ba ta da riga. Ta nan kariyar ke tsiyayewa zuwa ƙarafan ginin gaba ɗaya, dunƙulen na ta cinye kansa a banza.

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau 828,500, ban da asarar kwana biyun da na jawo. Abin da ya rage bayan Sallah: saitin rigunan ƙusa, an ce 28,000, sake awo bayan mako biyu da sawa, in bai kai 850 ba a tono dunƙulen a ga abin da ya saura, na'urar gano gas ta biyu a rumfar tirela, sai aika mitarmu a gwada ta a benci, don ɓarɓashin da ya ci bawul ya ratsa ta ita ma. Ɗalibina zai koma makaranta ƙarshen Afrilu, dole in koya wa mai kula da tukunya karatun ƙarfe shida kafin nan. Na kuma sa sunan Baba maigadi a takardar goron Sallah, manaja ya sa hannu ɗazu.